Rahoton ayyukan ƙungiya na bana zuwa ga membobi

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi, barkanmu da ganin ƙarshen shekara lafiya. Ga abin da muka samu yi bana, daga teburin sakatare.

Yawancin zamanmu na Asabar kan MongoDB ya ƙare, tunda da ita galibinmu ke ajiye bayanan manhajojin da muke yi wa shaguna da makarantu. Mun fara da saurin bincike, kun dai ga yadda indes, wato jerin da ke nuna inda kowane bayani yake, ko ɗaya tak in an sa shi inda ya dace yake rage jira, wanda har yanzu bai gane ba don Allah ya neme mu kar ya ji kunya. Ɓangaren ajiya kuma mun duba WiredTiger, injin ajiyar da MongoDB take zuwa da shi tun sigar 3.2, yana matse bayanai da tsarin da ake kira Snappy, sai muka gwada wani tsarin matsewa, Zstandard, da ya shigo a 4.2, ya fi rage girma amma yana ɗan ƙara wa kwamfuta aiki. Masu cusa hotuna cikin takarda ɗaya, wato bayani guda da MongoDB ke ajiyewa, a tuna iyakarta megabait 16 ne, ga GridFS nan, hanyar da MongoDB ke ajiye manyan fayiloli.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne kwafin bayanai tsakanin sabobi, wato kwamfutocin da ke riƙe bayanan. Mun haɗa guda uku, ɗaya jagora biyu na bin oplog ɗinta, wato jerin canje-canjen da take yi, suna kwafa, muka cire wayar jagorar da gangan, bayan kamar daƙiƙa 10 sauran suka zaɓi sabuwa aiki ya ci gaba, kowa na murna. To ranan aka ɗauke wuta janareta ya ƙi tashi, duk ukun suka mutu tare saboda ɗaki ɗaya muka jera su, kuma laifinmu ne mu shugabanni wallahi. Raba su gida biyu ma bai isa ba, don in gidan da ke da biyu ya tafi, ɗayar da ta rage ba ta da rinjayen ƙuri'a, ba za ta karɓi rubutu ba. Yanzu kowacce wurinta daban. Sannan wani ɗan uwa ya goge bayanai bisa kuskure, gogewar ta bi duk sabobin nan take, shi ya sa muka fara ɗaukar ajiya ta daban kowane dare.

Baɗi in Allah ya kai mu za mu koma kan CouchDB da PouchDB, wasu ma'ajiyan bayanai ne su ma, saboda masu aiki a ƙauyukan da sabis ke wahala, waya ta riƙe bayanai har sai intanet ta dawo ta tura. Masu bashin kuɗin wata a daure a biya kafin zama na gaba, batir muke son saya wa saba ta uku.