Wasiƙa zuwa ga ɗana kafin ya kama aiki a Argungu

Assalamu alaikum, ɗana. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan, alhamdu lillahi.

Innarka ta gaya mani yadda kuka yi a waya, cewa takardar aikinka ta fito, an tura ka Argungu wajen aikin noman rani, kuma ranka bai so ba. Ta ce har cewa ka yi an jefa ka jihar da ba taka ba, kana neman wanda zai yi maka hanya a maido ka gida. Ban kira ka ba domin na san halinka a waya, "to Baba, to Baba", kana ajiyewa shi ke nan maganar ta bi iska. Shi ya sa na rubuta, ka karanta a natse.

Sa'ad da aka haife ni, mutumin Argungu da na Gusau da na Birnin Kebbi da na Yawuri da mu nan Birnin Shehu duk 'yan lardi guda ne, Lardin Sakkwato. Razdan ɗaya ne a kanmu, yana zaune nan Sakkwato, Di'o-Di'o suna ƙarƙashinsa, sannan kowace masarauta da En'e ɗinta da baitulmalinta da alƙalanta da 'yan dokarta. A 1967 Gawon ya haɗa mu da Lardin Neja aka ce Jihar Arewa maso Yamma, Usman Faruk yana gwamna. A 1976 Murtala ya raba, Neja ta kama gabanta, mu muka zama Jihar Sakkwato, aka ƙara mana Zuru. Kebbi ba ta fita ba sai 1991 zamanin Babangida, Zamfara kuma 1996 zamanin Abacha. Iyakar da ke tayar maka da hankali, yayarka ma ta girme ta. Tsakaninmu da Argungu kimanin kilomita 100 ne, wanda ya karya kumallo a nan zai yi azahar a can ba tare da gaggawa ba.

Iyakar arewa kuwa labarinta ya fi wannan ban takaici. A 1898, tun Bature bai ci Sakkwato da yaƙi ba, Ingila da Faransa suka zauna a Faris suka ɗora tsinin abin awo a kan garinmu, suka zana da'ira mai nisan mil 100, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne. Daga baya Faransawa suka ga hanyar da ta rage musu zuwa Damagaram ba rijiyoyi a kanta, suka koma aka sake ciniki a 1904 da 1906. Da haka Ƙonni ta faɗa hannun Faransa, Illela ta tsaya wannan gefe. Gobirawa suka rabu, wasu a Sabon Birni wasu a Tsibiri. Haka Arawa, haka Dandawan Kamba da 'yan'uwansu na Gaya. Ba wanda aka tambaya a cikinsu. Za ka ga mutanen tsallake cike da kasuwannin Kabi, kada ka yi mamaki, kada kuma ka ɗauke su baƙi. Kakanninsu sun riga takardar cin wannan kasuwa.

Tunda ruwa ne sana'arka, da ruwa ya kamata ka fahimci ƙasar, don shi ne abin da ba Bature ko soja da ya iya gusar da shi. Gulaben lardin kamar yatsun hannu suke, duk a wuyan hannu ɗaya suke taruwa. Gulbin Sakkwato daga wajen Funtuwa yake tasowa, ya ratsa Gusau, ya bi ta Bakolori kusa da Talatar Mafara, ya zo nan. Gulbin Rima kuma daga arewa maso gabas, bayan ya kwashi ruwan Bunsuru da Gagare da na Gulbin Maraɗi, ya bi ta Goronyo da Wurno. Su biyun suna haɗuwa a yamma da gari, su miƙa Argungu da Birnin Kebbi, Gulbin Zamfara ya shigo, Gulbin Ka ya shigo, sannan duka su zuba cikin Kwara. Ma'ana ruwan da za ka riƙa aunawa a Argungu shi ne wanda ka yi wanka cikinsa kana yaro ina dukanka a kai. Abin da aka saki a Goronyo ko aka riƙe a Bakolori, manomin da za ka zauna da shi ne zai gani a gonarsa.

Gabas da yamma ba ƙasa ɗaya ba ce, ko da ido za ka gane. Ta wajen Gusau da Kwatarkwashi da Tsafe duwatsu ne manya a tsaye, ƙasa mai nauyi wadda ke karɓar auduga da dawa da gyaɗa, ruwan sama kuma ya fi namu. Shi ya sa jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya ya tsaya Gusau da Ƙauran Namoda a 1929, bai ƙaraso Sakkwato ba har yau. Bature ba ziyarar Hubbare ta kawo shi ba, inda kaya suke nan ya kai dogo. Zinariyar Zamfara ma tun zamaninsa ake tonon ta, ita ce kuma gubar dalmarta ta kashe yara da yawa a ƙasar Anka da Bukkuyum a 2010. Nan wajenmu kuwa rairayi ne da fako da farar ƙasa, wadda saboda ita aka kafa kamfanin siminti a Kalambaina. Damina gajera, daga Yuni zuwa Satumba, gero da wake a tudu, sai jar akuyarmu wadda fatarta ta yi suna har Turai. Da tudu kaɗai muka dogara da garin nan bai riƙe jama'ar da ya riƙe ba. Fadama ce ta rufa mana asiri, ita da cin rani, don tun da can in an gama kaka samarinmu ke ficewa kudu har Gwanja su dawo da kuɗin haraji. Can ƙasa kuma Yawuri, inda Kwara take da faɗi, Gungawa na zaune a tsibirai har madatsar Kainji ta tashi da yawansu a 1968.

To ga inda nake son ka buɗe kunne. Na ce maka Argungu gida ce, amma ban ce ka shiga da ƙafar mai gida ba. Mu Sakkwatawa muna da wani hali, duk inda muka sauka a tsohon lardin nan sai mu riƙa jin mu ne manya, a yi ta "mu jikokin Shehu". Kada ka kai wannan Kabi. Kabawa suna da daularsu tun ƙarni na 16, zamanin Kanta, wanda ganuwar birninsa Surame ta dutse tana nan har gobe, shekaru ɗaruruwa kafin Muhammadu Bello ya gina Sakkwato a 1809. Gaskiya ne Abdullahin Gwandu ya ci Birnin Kebbi a 1805. Amma a 1849 Yakubu Nabame ya ɗaga tuta, kuma daga nan Argungu ba ta sake bin Sakkwato ko Gwandu ba. An yi yaƙi, an yi sulhun da ake kira Lafiyar Toga, an koma yaƙi, har Turawa suka zo suka tarar da Sarkin Kabi Sama'ila yana cin gashin kansa. Bature ne ya zuba masarautun nan cikin lardi guda, ya mayar da mazaunin Sarkin Gwandu Birnin Kebbi, wato tsohon birnin Kabawa. Kai a littafi ka karanta wannan, su kuwa a bakin kakanninsu suka ji.

Bikin kamun kifin da kake gani a talabijin, mutane dubbai da homa da gora suna faɗawa Matan Fada, asalin girmansa daga nan ne. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, aka shirya kamun kifi don karrama shi, aka binne tsohuwar gaba. Ka lura, shi ya taka ya je. In Sarkin Musulmi bai ga ƙasƙanci a zuwa Argungu ba, ban ga dalilin da ɗan malamin makaranta zai gani ba.

Haka abin yake ga Zamfarawa, ko da wata rana aiki zai kai ka can. Su a zamanin En'e gundumomi ne a ƙarƙashin Sakkwato, hakimansu daga nan ake naɗa su, haraji da jangali nan suke zuwa. Sardauna kansa ya zauna Gusau daga 1938 yana lura da gundumomin gabas. Sun daɗe suna ganin su ke noma wasu ke ci, kuma a ganina ba duka maganarsu ce ƙarya ba. Wanda bai san wannan ba ba zai gane murnar da suka yi a 1996 ba.

Game da zuwan Turawa kuwa, na ji ku samari kuna yanke hukunci cikin sauƙi, wane jarumi wane maci amana. Ran 15 ga Maris 1903 aka yi karon Giginya, inda Turawa suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas da jama'a mai yawa, ya yi shahada a Burmi cikin Yuli na shekarar. Waziri Buhari ya tsaya, ya nemi fatawar malamai, ya koma gari ya yi sulhu da mutanen Lugga, shugaban Turawan, don kada a bar talakawa ba jagora. Bayan shekara 3 mutanen Satiru suka tayar, suka kashe Turawa 3, aka dawo aka shafe garin, ba a sake zama cikinsa ba. Ni dai ban iya zagin ko ɗaya daga cikinsu, domin ban tsaya inda suka tsaya ba. In irin wannan hira ta tashi a majalisa, ka fi yawan saurare. Kabawa ma nasu lissafin na 1903 daban ne da namu.

Yanzu maganar aikinka. Ka san abin da ya faru a Bakolori? An gama madatsar a 1978, da niyyar alheri a takarda. Aka karɓe gonakin mutane, diyya ta yi ta jan ƙafa, wasu suka yi shekaru ba su shuka ba. Manoma suka tare hanyoyi, a watan Afrilun 1980 aka tura 'yan sanda, aka kashe mutane aka ƙona ƙauyuka, kuma lokacin ɗan lardin nan ne, Shehu Shagari, ke shugabancin ƙasa. Waɗanda ke ƙasa da madatsar su ma ba su tsira ba, domin ambaliyar da ke shimfiɗa musu laka a fadama kowace shekara ta ragu, shinkafa ta ja baya, masunta suka rasa kifi. Injiniyoyin da suka zana aikin ba jahilai ba ne, sun fi ka takardu. Abin da ba su yi ba shi ne zama da mai gona. Sannan ka tuna 2010, da ruwan Rima ya yi toroƙo ya cinye ƙauyuka ya yanke hanyar jami'a, ɗalibai suka koma shiga kwalekwale. Gulbin nan yana da ranar da ba ya jin maganar kowa.

Saboda haka in ka isa, kafin ka fito da na'urarka, ka je ka gaida hakimi da dagaci, ka nemi sarkin noma da sarkin ruwa. Ka cire takalmi, ka durƙusa yadda aka koya maka. Ka samu tsohon da ya yi ban ruwa da jigo tun kafin injin ya zo, ka bi shi cikin fadama da ƙafa. Zai tsaya ya nuna maka wata tsamiya ya ce shekarar babban ruwa nan ya kawo, ya ɗebi ƙasa ya murza a tafin hannu ya ce wannan laka ce tana riƙe ruwa, waccan jigawa ce sai dai rogo ko dankali, can kuma kanwa ta tashi ko ka zuba taki asara ce. Ka rubuta abin da ya faɗa a littafinka, a gabansa, ya ga ka rubuta. In lissafinka ya saɓa da nasa, kada ka ƙaryata shi cikin mutane, ka koma ka sake awo tukuna. Kada ka yi wa kowa alkawarin taki ko injin ko diyya in ba a hannunka abin yake ba, don su ba ofis za su riƙe ba, fuskarka za su riƙe. Kuma duk wanda ya kawo maka buhun shinkafa alhali ana rabon fili ko ruwa, ka yi godiya ka mayar masa. Kifi ɗaya na baƙunta ba laifi, ka karɓa ka sa albarka.

Ka kuma tuna da makiyayi. Fadamar da kake son mayarwa shinkafa rani da damina, nan shanu ke sauka in tudu ya bushe. In zanenka ya toshe burtali ko mashaya, rigimar da za ta biyo baya ta fi ƙarfin ofishinku. Abin da ya cinye gabashin lardin nan yau, har mutum ba ya iya zuwa Isa ko Zurmi da kwanciyar rai, yana da tushe da yawa, amma wannan na ciki.

Batun neman a canza maka wuri, ban yarda ba, kuma ba zan je ƙofar kowa a kai ba. Ka yi ko da shekara biyu, ka ga damina ka ga rani, sannan mu yi magana. In ka samu sarari kafin tafiyar, ka shiga ɗakin tarihi na Waziri Junaidu nan gari, in ka isa can kuma ka ziyarci gidan tarihin Kanta, ka ji labarin daga bakin kowane ɓangare. A hanya in kun wuce Sifawa, inda Shehu ya zauna kafin ya dawo Sakkwato, ka yi masa addu'a.

Kada ka yi tafiyar dare ko da an ce hanya lafiya lau. Ka sayi gidan sauro tun daga nan, sauron fadama ba irin na cikin gari ba ne. Innarka ta haɗa maka kilishi da yaji da garin kunu, ta ce ka biyo ta gida ka ɗauka, kada ka aiko yaro. Ƙannenka suna gaishe ka. Ka sanar da ni ranar da za ka tashi.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare.

Ni ne mahaifinka,
daga Sakkwato.