Saƙo ga 'yan uwa mazauna ƙasashen waje kan aikin jinya na Disamba da ginin asibitin garinmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu da ke Ingila, Amurka, Kanada, Saudiyya, Jamus da sauran wurare, muna gaishe ku, da fatan iyali suna lafiya. Kwamiti ya zauna kan aikin duba marasa lafiya kyauta da za mu je yi gida a watan Disamba, kuma mun ga ya dace ku ji matsayar tun yanzu, don masu neman hutu a wurin aiki su nema da wuri.

Za a yi aikin, in sha Allahu. Sai dai a bana kaso mafi tsoka na abin da za a tara zai tafi ne ga ginin asibiti da albashin waɗanda za su zauna a cikinsa.

Dalili kuwa, aikin namu na mako guda yana maganin abin da ake gamawa a zama ɗaya ne, kamar yanar ido, gwaiwa da cire haƙori. Dattijon da aka cire wa yanar ido zai koma gonarsa, ya koma karatun Alƙur'aninsa, kuma wannan ba ƙaramin lada ba ne. To amma mai hawan jini ko ciwon suga fa? Mu ba shi maganin wata ɗaya, mu hau jirgi, kafin Fabrairu ƙwayar ta ƙare, ba mai sake auna shi. Zazzaɓin cizon sauro kuwa da damina yake kayar da yara, a Agusta da Satumba, lokacin da duk muna bakin aikinmu a nan.

Maganar haihuwa ce ta fi tsaya mana a rai. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 sun nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu a duniya sanadin ciki da haihuwa 'yan Najeriya ne. Ba ma buƙatar alƙaluma kafin mu yarda, don da wuya a samu gida a cikinmu da bai yi irin wannan zaman makoki ba. Zubar jini bayan haihuwa da jijjiga suna cikin manyan abubuwan da ke kashe su, kuma maganinsu sananne ne, ba shi da tsada. Allurar oxytocin tana tsayar da jini, amma zafi yana rage mata ƙarfi, dole a ajiye ta a firji. Magnesium sulphate yana tsayar da jijjiga, amma sai da wadda ta san yadda ake ba da shi tana kusa da ƙarfe biyun dare. Saboda haka za a fara da ɗakin haihuwa, sai gidan da ungozoma za ta kwana, sai wutar sola da rijiyar burtsatse. Babban get da fenti mai ƙyalli su jira. Duk mun sha ganin asibitocin da aka buɗe da biki, aka dawo bayan shekara aka tarar da kwaɗo a ƙofa, awaki na kwance a baranda.

Don kauce wa haka, ba za a haƙa tushe ba sai mun yi yarjejeniya a rubuce da hukumar lafiya a matakin farko ta jiha kan ma'aikata, da sanin mai girma Hakimi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, kuma za mu nemi a sa asibitinmu cikin masu cin gajiyarsa. Kafin hakan ta tabbata, albashin ungozoma a wuyanmu yake.

Likitocin da za su je, a tabbatar an sami lasisin aiki daga hukumar likitoci ta Najeriya, MDCN, nas-nas da ungozomomi kuma daga tasu hukumar. Muna roƙon 'yan uwanmu mata ma'aikatan lafiya musamman, don akwai matar da za ta haƙura da ciwonta ta koma gida in ta tarar namiji ne zai duba ta. Wanda ba ma'aikacin lafiya ba ma akwai aikinsa: rubuta kati, tsara layi, kula da tsofaffi. A zo da yaran da aka haifa a nan, su ga garin iyayensu. Kuma don Allah a girmama ma'aikatan da za mu tarar, su suka san mutanen, su ne za su ci gaba da duba su bayan mun tafi. Ba za a yi tiyatar da ba mai bibiyarta ba. Masu yoyon fitsari za mu biya musu kuɗin mota zuwa Babbar Ruga a Katsina, inda ƙwararrun aikin suke.

Game da gudummawar kaya, kada a tattaro ragowar magungunan gida. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce maganin kyauta ya kasance da sauran aƙalla shekara ɗaya kafin ya lalace a ranar da ya isa, ga kuma batun izinin NAFDAC da kwastan. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Za mu sayi magani a gida daga dillalai masu rajista. 'Yan uwa na Amurka da Kanada su lura cewa na'urorin can wutar lantarki mai ƙarfin volt 120 suke sha, ta gida kuwa 230 ce, don haka a tuntuɓi kwamiti kafin a turo kowace na'ura.

Abin da muke nema a wurin kowa shi ne alƙawarin wata-wata, komai ƙanƙantarsa, wanda zai iya riƙewa na tsawon shekara biyu. A miƙa suna da adadin ga wakilin ƙasar da ake zaune kafin ƙarshen Satumba, masu zuwa Disamba kuma su haɗa da fannin aikinsu. Ma'aji zai riƙa fitar da bayanin shiga da fitar kuɗi duk wata uku, tare da rasit.

Wassalam.

Kwamitin Zartarwa