Kafin ka zo hutu Damagaram

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da mutanen Yamai. Mu nan sai godiya, damina ta zauna, gero ya yi kyau.

Innarka ta ce hutunka na wata guda ya fito, kuma likita ya ce jininka ya fara hawa, ka rage nauyi. Ta ƙara da cewa ka ɗaura niyyar zubar da kilo 10 kafin ka koma aiki. Shi ya sa na rubuto, don a waya ba ka bari in kai aya.

Ka sauke wannan lissafin. Abin da likitoci suka yarda da shi rabin kilo ne zuwa kilo ɗaya a sati, ka ga a wata bai wuce kilo 2 zuwa 4 ba. Mai kilo 100 in ya rage 5 kawai, awon jininsa da na sukari sukan nuna sauƙi. Wanda ya kwana da yunwa don ya rame, tsokarsa ce take tafiya tare da kitsen, kuma ranar da ya gaji ya koma akushi, abin da zai ci ya fi na da. Shayin rage ƙiba da ake talla a waya da teburan ƴan magani kuwa, kada ka ko taɓa shi. Da yawansu gudawa da fitsari suke sawa, ruwan jikinka ne ke zuba, ƙodarka ce ke wahala.

Abin da ya fi damuna ƴan'uwanka ne, don na san halinsu. A garin nan har yanzu tumbi alamar samu ne, in mutum ya faɗa kaɗan sai a fara tambaya ko ciwo yake, ko matarsa ce ba ta kula da shi. Za ka zaga gaisuwa Birni, ka shiga Zango, ka leƙa Garin Malam, kowane gida a aje maka ƙwaryar fura da farantin alkaki da lemo mai sanyi. Gwaggonka ba za ta bari ka tashi ba sai ta ga ƙasan kwano. Kada ka ƙi, ƙin abincin babba rashin kunya ne. Ka karɓa da hannu biyu, ka yi bisimilla, ka kurɓi furar, ka yaba, sannan ka roƙi ruwa. Alkakin ka ce a ƙunshe maka ka kai wa yara. In an matsa, ka ce likita ya hana, ba mai jayayya da wannan. Amma kada in ji ka zauna kana yi wa dattawa wa'azin kitse da sukari a cikin gidajensu.

Ita fura ba laifinta ba ne, gero ce da nono, da ita aka raine ku. Sukarin da ake zuba mata ne, da shan ta a kan tuwo kamar ruwa. In ka sha fura da rana, to ka ci abincin rana ke nan. Na gaya wa innarka ta dama maka taka ba sukari. Da dare malmala ɗaya ta ishe ka, miya ta fi tuwon yawa. Ka yi sa'a lokacin ganye ne: zogale, rama, tafasa, yakuwa, ɗanyar kuɓewa, duk arha a Kasuwar Dole. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ba a malala masa mai ba, ko dafaffen wake, za su riƙe ka har la'asar. Sai gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokali ba, alhali dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Innarka ta yi gunaguni, amma ta yarda ta koma wa daddawa. Kilishi da tsire ka ɗanɗana, ban ce ka zauna kansu ba.

Yanzu maganar fada, wato zaman hira da shan shayi na abokai. Na san tun daren da ka sauka abokanka za su shimfiɗa tabarma, su hura gawayi, a ɗora buta. Na fari, na biyu, na uku, kowanne da sukarinsa, kuma ba zagaye ɗaya ake yi ba. Hukumar nan ta ce sukarin da babba zai sha a yini kada ya haura giram 50, kimanin ƙananan cokula 12, in ya tsaya a rabin haka ya fi. Gwangwanin Coca-Cola ɗaya yana ɗauke da wajen giram 35. Ka lissafa da kanka abin da daren fada ɗaya yake zuba maka. Ban ce ka guji abokanka ba, zumunci ya fi ƙarfin haka, kuma wasu cikinsu su ne ke leƙo mu in ba ka nan. Ka ce mai buta ya tsiyaya maka naka kafin ya sa sukari, ka tsaya a kofi ɗaya. Za su yi maka dariya kwana biyu, su bari. Ka kuma riƙa tashi da wuri. Shayi mai ƙarfi da tsakar dare yana korar barci, wanda bai samu awa 7 ba kuwa yakan wuni da kwaɗayi, ga sauro yana cin ƙafafunku kuna ta gardamar ƙwallo.

Kabu-kabu ka bar wa masu sauri, kai hutu kake. Bayan sallar asuba ka fita da ƙafa, ka bi ta ƙofar fadar Sarki, ka zaga ta wajen duwatsu, ka dawo kafin rana ta yi zafi. Minti 30 sau biyar a sati, shi ne minti 150 ɗin da ake so. Tafiyar ta zama wadda kake iya magana cikinta amma numfashinka ya ɗan ɗaga, ba tafiyar rakiyar baƙo ba. Ran da ka ji ƙarfi ka bi ƙannenka gona ta hanyar Mirriya, ka riƙe hauya da hantsi, ka aje kafin azahar. Za ka ga samari suna ɗaga ƙarfe a unguwa, kada zuciya ta ɗebe ka ka shiga gasa da su, mai hawan jini ba ya yunƙurin nauyi sai da izinin likita.

Damina ce, ka kwana cikin gidan sauro, kai da yaran. In jiki ya yi zafi a je a yi gwaji ranar, kada a jira. Masassarar cizon sauro tana ramar da mutum cikin sati, amma ba irin ramar da muke nema ba ce. Ruwan sha na famfo, in an yi shakka a tafasa.

Hanya kusan kilomita 900 ce. Duk inda motar ta tsaya, Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi, ka sauka ka taka, kada ƙafa ta kumbura. Ka riƙo ruwa da ƴar gyaɗa, don kada kowace tasha ta zama ta gasasshen nama. Maganin da likita ya rubuta maka ka zo da wanda zai kai ka ƙarshen hutu, kuma ba a daina shi don an ji sauƙi. Ka haɗo da na'urar awon jinin nan taka, innarka ma a auna ta, ta daɗe tana kukan ciwon kai.

Ka gaida mai ɗakinka da jikokina. Ka sanar da mu ranar tasowa, ƙaninka ya tarye ku a tasha. Allah ya kawo ku lafiya, ya yi muku albarka.

Mahaifinka