Gilashin Zuƙo Mai f/2.8: Shawara Ga Masu Ɗaukar Hoton Biki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwana masu sana'ar ɗaukar hoto, musamman matasan da suka shigo harkar a 'yan shekarun nan a Bauchi da kewaye. Da zarar yaro ya ga hotunan da ya ɗauko a wajen dina sun fito da duhu ko dishi-dishi, sai ya ɗora wa kyamara laifi, ya fara tarin kuɗin da zai canza ta, alhali a mafi yawan lokuta gilashin da ke gabanta ne ba ya barin isasshen haske ya shiga. A ganina, wanda yake riƙe da Canon 600D ko 700D, ko Nikon D3200 ko D5300 da ire-irensu, ya fi masa alheri ya bar kyamararsa yadda take, ya nemi gilashin zuƙo mai 17-50mm f/2.8 na kamfanin Tamron ko na Sigma, ko da na hannu ne, da sharaɗin ya gwada shi sosai kafin ya biya.

Waɗannan kyamarori galibi suna zuwa ne da gilashi mai 18-55mm wanda aka rubuta f/3.5-5.6 a jikinsa. Abin da lambobin suke nufi shi ne, ƙofar da haske yake bi tana ƙara tsukewa gwargwadon yadda mutum yake zuƙowa, ta fara da f/3.5 a 18mm, kafin a kai 55mm kuwa ta koma f/5.6, kuma a daidai nan ne ake ɗaukar fuskar amarya. Shi gilashin da nake magana a kansa yana riƙe f/2.8 tun daga farkon zuƙowa har ƙarshenta, kuma hasken da f/2.8 take shigarwa ya ninka na f/5.6 sau huɗu. Idan zauren biki ya tilasta wa mutum ɗaukar hoto a 1/30 na daƙiƙa (tsawon lokacin da kyamara take buɗewa haske ya shiga) da ISO 3200 (ISO shi ne ma'aunin ƙarfin jin haske na kyamara, yawansa yana kawo yashi a hoto), sabon gilashin zai ba shi 1/125 a wannan ISO ɗin, wanda shi ne zai sa hannun mai liƙi ya fito tar da takardar kuɗin da ke tsakanin yatsunsa, maimakon ya zama wani shafe a gefen hoto. In kuma mutanen a zaune suke ba sa motsi, yana iya sauke ISO zuwa 800, yashin nan da yake ɓata fatar fuska ya ragu ƙwarai. Sai dai ribar ba ta kai haka ba a ɓangaren faɗi, domin tazarar da ke tsakanin f/3.5 da f/2.8 ba ta kai ninki biyu ba, don haka wanda yawancin aikinsa hoton taron jama'a ne daga nesa ba zai ga canjin da yake tsammani ba.

Canon da Nikon suna da nasu gilashin mai 17-55mm f/2.8, na Nikon ya fito a 2003, na Canon kuma a 2006, kuma babu mai musun ingancinsu, amma kowannensu ya haura dala dubu a lokacin da ya shigo kasuwa, har yau kuma na hannunsu ba na kowa ba ne. Wannan giɓin ne Tamron ya cike a 2006 da gilashinsa mai 17-50mm f/2.8, wanda kuɗinsa bai kai rabin na Canon ba, nauyinsa kuma bai kai giram 450 ba. A 2009 kamfanin ya fito da wani samfurin mai ɗauke da na'urar rage rawar hannu, wanda ake ganewa da haruffan VC, Sigma kuma ya biyo baya a 2010 da nasa 17-50mm f/2.8 mai haruffan OS HSM, wato na'urar rage rawa da injin saiti marar ƙara, mai nauyin giram 565. Su ukun nan su ne aka fi cin karo da su a hannun masu sayar da kayan hoto na tokumbo, kuma farashinsu a naira yana hawa da sauka ne tare da dala.

Da a ce za a bar mini zaɓi domin hoto zalla, tsohon Tamron marar VC zan ɗauka. Yana fitar da tsakiyar hoto garau tun a f/2.8, har a ƙirga zaren aikin da ke wuyan babbar riga, sannan rashin nauyinsa ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai rataya kyamara tun daga ɗaurin aure da hantsi har kai amarya da dare. Aibinsa a injin saiti yake, wato injin da yake daidaita gilashi domin abin da ake ɗauka ya fito garau, domin yana da ƙara, kuma zoben saitin yana juyawa da kansa, ta yadda idan yatsa ya tokare shi ana iya lalata haƙoran da ke ciki. A wajen kiɗa babu mai jin wannan ƙara, amma a cikin masallaci lokacin da liman yake addu'ar ɗaurin aure, ko a wajen saukar Alƙur'ani, sai ka ga dattawa suna waiwaye. Na Sigma ya fi shi shiru, ga kuma na'urar rage rawa, shi ya sa ya fi dacewa da wanda yake haɗa hoto da bidiyo, kamar yadda akasarin matasanmu suke yi yanzu. Ya kamata dai a fahimci cewa wannan na'ura rawar hannun mai ɗauka kaɗai take magancewa, ba ta tsayar da ƙawayen amarya da ke taka rawa, don haka kada mutum ya ƙara kuɗi a kanta da zaton ta raba shi da dishi-dishi baki ɗaya.

An ce araha ba ta ado, kuma waɗannan gilasai ba su tsira daga wannan magana ba. A f/2.8 kusurwoyin hoto ba sa kai tsakiya kaifi, suna kuma ɗan yin duhu, sai an tsuke zuwa f/4 ko f/5.6 suke daidaita. A 17mm layukan da suke miƙe suna ɗan lanƙwasa, wanda ya tsaya a ƙarshen gefe kuma sai kafaɗarsa da kansa su baje, abin da babu uwar amarya da za ta yafe idan ita ce a wurin. Wani abin da na sha gani da idona shi ne, idan ango ya tsaya da farar shadda rana tana bayansa, wani siririn layi mai launin shuɗi-shuɗi ko shanshanbale yana bin gefen hula da hannun riga, wanda ba a cika lura da shi a waya ba, amma yana fitowa fili idan aka wanke hoton da girma domin a saka shi a firam. Ana iya gyara wannan a kwamfuta ba tare da wahala ba, musamman ga mai ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba.

Akwai kuma wata matsala wadda ba ta gilashin ba ce, ta mai riƙe da shi ce. Matashi idan ya sami f/2.8 sai ya ƙi sauka daga kanta saboda daɗin yadda bayan hoto yake narkewa, ya manta cewa a 50mm, idan mutum yana tazarar mita 2, zurfin wurin da zai fito garau bai kai santimita 20 ba. Wannan ya isa fuskar mutum ɗaya, amma idan dangin ango suka jeru sahu biyu ko uku, na gaba ne kawai za su fito, na baya su zama inuwa. Hoton dangi na f/5.6 ne ko f/8, kuma a cikin ɗaki wannan yana nufin filasha tana nan daram a matsayinta, sayen gilashi bai sallame ta ba.

Inda na fi so a tsaya a natsu shi ne wajen saye, domin gilashin da ya shekara goma ko fiye yana yawo daga hannu zuwa hannu ba a sayensa da ganin hoto a WhatsApp. Mai saye ya je da kyamararsa, ba ta mai shago ba. Ya cire murfin gaba da na baya, ya haska fitilar waya ta ciki yana kallo ta ɗaya ɓangaren. 'Yar ƙura kaɗan ba ta hana komai, amma idan ya hango wasu fararen zare masu rassa kamar saƙar gizo, to fumfuna ce ta kama gilashin, ya ajiye shi ya kama gabansa, haka nan idan ya ga hazo a ciki. Daga nan ya manna shafin jarida a bango, ya tsaya daidai gabansa, ya ɗauka a 17mm da 35mm da 50mm duka a f/2.8, sannan ya zuƙo hoton ya karanta rubutun da ke kusurwoyi huɗu. Idan dukansu sun ɗan yi laushi daidai wa daida, halin gilashin ne, amma idan gefe ɗaya ana karantawa ɗayan kuma ba a iyawa, alama ce ta cewa ya taɓa faɗuwa ko kuma tun daga masana'anta bai zauna daidai ba. Bayan haka ya jera batura uku ko biyar a kan tebur, kowanne ya ɗan fi na gabansa nisa, ya saita a kan na tsakiya ta madubin leƙe, ya duba ko shi ne ya fito garau; idan na gabansa ko na bayansa ne ya fito, akwai saɓani a saitin. Wannan gwaji na ƙarshe yana da muhimmanci matuƙa, domin manyan kyamarori irin su Canon 7D da 70D da Nikon D7000 da D7100 suna da wurin gyara irin wannan saɓani a cikin tsarinsu, amma 600D da 700D da D3200 da D5300 ba su da shi, wanda ya sayi gilashi mai saita kunne a maimakon ido kuwa haka zai yi ta fama da shi.

Masu Nikon suna da ƙarin abin lura. Samfurin farko na Tamron da aka yi wa Nikon ba shi da injin saiti a cikinsa, da na jikin kyamara yake dogara, ƙananan kyamarori irin su D3100 da D3200 da D5100 da D5300 kuwa ba su da wannan injin, don haka a kansu sai dai a riƙa saitawa da hannu. Daga baya ne kamfanin ya fito da mai inji a ciki, kuma a ido kusan kamarsu ɗaya, sai an ɗaura an gwada ake tabbatarwa. Haka kuma duk gilasan nan an ƙera su ne domin kyamarori masu ƙaramar sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, wanda yake da niyyar komawa Canon 5D ko 6D nan gaba kaɗan ya sani cewa a kansu baƙin zobe zai gani ya kewaye hoton.

Yanayin garinmu ma yana da nasa hukuncin. Babu ko ɗaya daga cikin gilasan nan da aka toshe domin hana ƙura shiga, kuma dukansu suna miƙewa su koma yayin zuƙowa, wato suna shaƙar iska suna fitarwa. A lokacin hunturu, idan hazo ya rufe gari, duk wanda ya yini a filin biki yana canza gilashi a sarari zai ga sakamakon a hotunansa, kuma a nan ne gilashi ɗaya da zai ɗauki faɗin ɗakin amarya ya kuma ɗauki fuskarta yake da wata riba ta daban, tunda ba sai an cire shi ba. Da damina kuma danshi ne abin tsoro, kada a bar shi a rufe cikin jaka mako da makonni, a ajiye shi tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. A nemi filta ta kariya daidai bakinsa, 67mm ga tsohon Tamron, 72mm ga mai VC, 77mm ga Sigma, kuma don Allah a daina goge shi da bakin riga.

Ba na cewa wannan gilashi ya isa kowane aiki. A hawan sallah a ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Bauchi, ko wajen hango giwaye a Yankari, 50mm ta yi gajarta, sai a nemi 55-250mm ko 70-300mm. Wanda kuɗinsa bai kai ba yana iya farawa da 50mm f/1.8, wanda ya fi araha, ya kuma fi f/2.8 shigar da haske fiye da ninki biyu, sai dai ba ya zuƙowa, kuma a ƙaramin ɗaki mutum zai jingina da bango bai gama shigar da mutum uku ba. Sigma 18-35mm f/1.8 da ya fito a 2013 ya fi su duka kaifi, amma ya fi tsada, nauyinsa giram 810 ne, zuƙowarsa kuma gajeriya ce. Waɗanda suka riga suka koma kyamara marar madubi suna da Sigma 18-50mm f/2.8 na 2021 mai giram 290 kacal, ko Tamron 17-70mm f/2.8 mai na'urar rage rawa.

Roƙona ga 'yan kasuwar da suke turo mana waɗannan kaya daga Legas da Kano shi ne su riƙa ba mai saye kwana biyu ko uku na gwaji, tare da alkawarin karɓar kaya idan aka sami fumfuna ko saɓanin saiti, domin galibin matasanmu a tasha suke karɓar saƙo daga hannun direba bayan kuɗi ya riga ya shiga asusu. Manyanmu a wannan sana'a kuma su daure su riƙa raka yaransu wajen saye, ko su duba musu kayan a ranar da ya iso.

Na gode da wannan dama da kuka ba ni, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naku,
Wani mai ɗaukar hoto,
Bauchi.