Wasiƙa daga Jidda kan ƙodar uwargida

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Inna. Mu ma alhamdulillahi, sai dai jikin uwargida yana nan jiya-i-yau. Sau uku a mako nake kai ta wankin ƙoda, awa huɗu kowane zuwa. Ruwan sha ma an ƙayyade mata, ga zafin Jidda, sai dai ta riƙa tsotsar ƙanƙara.

Labari ya iso mini cewa ana faɗa a gida wai na ƙi ba ta ƙodata. Maganar nan ta yi mini ciwo, Yaya. Wallahi ni na fara miƙa hannu aka ɗebi jinina. Da aka ce rukunin jininmu ɗaya har na yi sujadar godiya, ashe da sauran rina a kaba. Akwai gwajin da ake haɗa ruwan jininta da fararen ƙwayoyin jinina a ga ko za su zauna lafiya. Ba su zauna ba.

Likita ya zaunar da mu ya yi mana bayani dalla-dalla. Kowane mutum yana da wata alama a jikin ƙwayoyinsa, ana ce mata HLA, rabi gadon uwa, rabi gadon uba. Duk cikin da ta ɗauka, yaron yana ɗauke da rabin alamata. Jikinta ya ga baƙon abu, sai garkuwarsa ta ƙera makami a kansa ta ajiye, shi suke kira antibodi. Haihuwa biyar ke nan, ga ƙarin jinin da aka yi mata a haihuwar auta, wanda shi ma yakan jawo haka. Da an dasa mata tawa, makaman nan za su afka wa jijiyoyin jinin ƙodar, jini ya daskare a ciki, ta lalace cikin mintuna ko awoyi, wani lokaci tun ba a ɗinke cikin ba. Tun 1969 likitoci a Amurka suka nuna cewa wannan gwajin yana hango irin haka, shi ya sa ba a tsallake shi. 'Ya'yanmu ma ba lalle su dace ba, tunda alamar tawa ce a jikinsu. Da ta ji haka sai ta juya fuska bango ta yi ta kuka. Na rasa abin da zan ce mata.

Ana iya tace jini da inji a rage antibodin, a haɗa da magunguna, amma akwai tsada, kuma yakan dawo.

Abin da ya fi shi ne ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya. Kowannensu yana da damar kashi 1 cikin 4 ta dacewa da ita tsaf. Don Allah ka je gidansu da kanka, kada ka aika. Ka fara karanta wa mahaifiyarta wannan wasiƙa, sannan ka zauna da ƙannenta. Kada a tilasta wa kowa, ni ma ba zan riƙe kowa a zuciya ba. Wanda ya amince, a fara duba rukunin jininsa, ka turo mini hoton takardar ta WhatsApp, kuɗin gwajin yana wuyana.

A ce wa Inna ta sa mu a addu'a. Jibi Asabar da asuba za mu koma wanki.

Naka,
Ƙaninka a Jidda