Laburarenka bai ɓata ba

Assalamu alaikum aminina,

Ya iyali, ya sanyin can? Wata nawa ba ko gaisuwa, sai da kwamfuta ta juya maka baya ka tuna da ni. To, na yafe.

Na ga hoton da ka turo. Manhajar ta harhaɗu lafiya lau, da ka kunna ta kuma ta ce ba ta ga libzmq.so.5 ba, wato laburaren da take aron wasu ayyukanta daga gare shi, alhali ga shi zaune a /opt/zmq/lib. Abin da ya rikita ka shi ne masu neman laburare biyu ne, kai ɗaya kawai ka yi wa kwatance. Na farko, ld, aikinsa lokacin harhaɗawa. Ka ce masa -lzmq, ya nemi libzmq.so a inda -L, umarnin da ke nuna masa wurin nema, ta nuna. Da ya samu bai kwafe shi cikin manhajar ba, sunan da ke jikinsa kawai ya rubuta. Na biyun, ld.so, shi ke tashi duk sanda ka kunna ta, kuma bai san da zaman -L ba. Yakan leƙa LD_LIBRARY_PATH (jerin wuraren nema da mai kunnawa ke saitawa), sai RUNPATH (wurin nema da aka rubuta cikin manhajar), sai /etc/ld.so.cache (rajistar laburaren injin), daga ƙarshe /lib da /usr/lib.

Maganin: buɗe fayil a /etc/ld.so.conf.d, sunansa ya ƙare da .conf, ka rubuta /opt/zmq/lib a ciki, ka buga sudo ldconfig don ya sabunta /etc/ld.so.cache. In injin ba naka ba ne, ƙara -Wl,-rpath,/opt/zmq/lib wajen harhaɗawa, don a rubuta wurin cikin manhajar. Sai ka gwada da ldd, mai nuna laburaren da manhaja ke buƙata da inda aka same su.

Na san halinka na yanke, za ka cusa LD_LIBRARY_PATH a .bashrc, fayil ɗin saitin da ake karantawa duk sanda ka buɗe tagar umarni. Kada ka soma, duk manhajar da ka kunna daga nan za ta gaje shi. Haka nan kada ka laƙa wa tsohon laburare sabuwar lamba, irin 5 ɗin da ke ƙarshen libzmq.so.5. Ba a canja lambar nan sai sabon ya daina jituwa da tsohon, in ka yi haka manhajar za ta iya tashi, ta faɗi a tsakiyar aiki.

Af, mutumin naka na bayan masallaci ya sake sayen babur, na uku ke nan. Hajiya kuma ta ce turaren da ka yi alkawari har yau shiru.

Na manta, -lzmq bayan fayilolin .o ake sa ta, don ld daga hagu yake karantowa.

A gaida su yara.

Naka har kullum.