A zo a ga makarantar allon da ke tsakiyar ruwa

Malam Edita, assalamu alaikum, barka da aiki.

Na saurari shirinku na kan almajirai kuma gaskiya raina bai so yadda aka haɗa kowa da kowa cikin kwando guda ba, kaman duk inda aka ce makarantar allo to bara ce da roba a hannu. Nan Yamai ma, a wani tsibiri cikin kogin Isa, wato kogin Kwara, ƙasa kaɗan da gadar Kennedy, akwai makarantar da ɗan wana yake karatu, kuma wallahi ban taɓa ganin yaro ɗaya nasu ya ƙetaro gari yana bara ba.

Da asuba ake tashinsu, bayan salla kowa ya ɗau allonsa har rana ta ɗaga, sannan a wanke allo a shanya, manya su sauka fadama. Shinkafa suke nomawa, lokacin sanyi kuma salati da tumatir da kabeji da zogale, abin da suka ci suka rage shi ake kaiwa kasuwa a sayo sabulu da takarda da batir. Ƙanana aikinsu ɗiban ruwa da itace. Da dare a sake zama karatu, da can wuta ake hurawa, yanzu fitilar sola ce guda biyu rataye a jikin darbejiya.

Amma abin da ya sa na ɗauki waya na rubuto shi ne hidimar da suke wa mutanen tsibirin. Kwale-kwalen malam shi ne motar asibitinsu, mace ta fara naƙuda ƙarfe biyu na dare gardawa biyu ne za su tuƙa ta har gaɓa, ba a karɓar ko dala, kuma ku tuna akwai dorina a ruwan nan. In an yi rasuwa su ne gina kabari. Alhamis da babu karatu su share masallaci su gyara wa tsofaffi danga. A ambaliyar 2020, wadda ta fasa madatsar ruwan unguwar Lamorde ta kori mutane daga gidajensu, yaran nan sun kwana suna cika buhuna da yashi suna kwashe awaki da tsofaffi zuwa tudu, su kansu ɗakin karatunsu na laka a lokacin ya zube.

To ga inda nake da kuka. Kogin nan sau biyu yake cika a shekara, jan ruwa na Agusta da Satumba, sai kuma wanda ke gangarowa daga Gine wajen Disamba da Janairu, kuma duk wannan tuƙi babu rigar ceto ko ɗaya a jirgin. Na biyu tsargiya, yaro kullum ƙafarsa cikin ruwa, da yawansu fitsarin jini suke har sun ɗauka abin girma ne. Maganin nan ana raba shi kyauta, amma masu rabon a lakwal, wato makarantun boko, suke tsayawa, ba su cika ƙetarawa ba.

Don Allah ku aiko ɗan jaridarku ya gani da idonsa, ya kuma tambayi masu rabon magani me ya hana su shiga jirgi. Ya zo ranar Asabar da safe, ni zan biya kuɗin fito.

Naku mai sauraro kullum, daga Harobanda, Yamai.